Faifai Arba'in a Siton Kawu

Ƙanena ya gama rubuta manhajarsa da kaka, a tsakiyar shekarun 1990, masara ta shigo gida, dawa tana jiran girbi. A wancan zamanin ba mu san kalmar manhaja ba. Furogiram muke cewa, mahaifiyarmu kuma "aikin nan nasa" take kiransa. Ya fito daga shagon da ya mayar ofis a ƙofar gidanmu a Bebeji, ya kashe janareta, ya ce mini, "Yaya, an gama." Na yi masa barka, muka shiga muka gaya wa Inna, ta sa albarka. Dukanmu mun ɗauka wahala ta wuce.

Kafin wannan, a Kaduna yake aiki, a ɗakin kwamfuta na wani kamfani. Ya ɗauki hutun shekara guda ba albashi tun farkon damina, da sharaɗin in wata daminar ta faɗi bai koma ba, za a ba wani kujerarsa. Shi kuwa ba ya son komawa. Abin da yake so shi ne ya zauna a Bebeji kusa da Inna, ya ci abinci da aikin hannunsa, har ya sa an rubuta masa allon kamfani ya jingine a bayan ƙofa. In manhajar ta shiga kasuwa kafin hutun ya ƙare, ya zauna gida. In ba ta shiga ba, sai Kaduna.

Aikin manhajar kula da manyan sito ne. Tana riƙe da ranar da kowane buhu ya shigo, daga wace gona, a wane lungu aka jera shi, yaushe aka sa masa magani, wanne ya kamata ya fara fita. Masu bukatarta ba su da yawa, amma suna nan: gonakin da ke renon iri, injinan gyaran shinkafa na wajen noman rani, ƙungiyoyin manoma, da wasu manyan gonaki a hanyar Doguwa. Duk sun sayi kwamfuta a shekarun nan saboda ana yayinta, yawancinsu kuma wasiƙa kawai suke bugawa da ita, sannan su lulluɓe ta da zane. Nawa aikin a ciki kaɗan ne. Ina fassara labarai ina karantawa a gidan rediyo a Kano, ƙarshen mako ina zuwa gida, sai ya ba ni jimlolin da za su fito a allo in mayar masa da su Hausa. Wadda na fi jin daɗinta ita ce gargaɗin da ke fitowa in kaya sun wuce wa'adi: "Wannan kaya ya daɗe a sito."

Wanda ya sayi kwamfutar da janaretan da faifan da aka zuba manhajar a ciki shi ne Kawu, wan Inna, ɗan kasuwar hatsi. Tun ranar farko ya faɗi magana a fili cewa ilimi na yaro ne, kaya nasa ne. Ƙanena ya amince, don a lokacin babu kayan tukuna. Yanzu kuwa ga su: faifai arba'in, kowanne a cikin ɗan kwalinsa tare da ɗan littafin bayani.

Muka sami Kawu a ƙofar babban sitonsa yana zaune a benci, 'yan dako suna shiga da buhunan masara. Muka durƙusa muka gaishe shi, ya tambayi aiki, ya tambayi Kano, ya tambayi gajiya. Ƙanena yake kira Injiniya, ni kuma Mai Labarai.

"Kawu, kaya sun haɗu," in ji ƙanena. "So nake mu fara kai wa mutane a satin nan. Yanzu sito ke cika, yanzu suke bukatarsa."

Kawu ya ɗauki kwali ɗaya ya jinjina a tafin hannu. "Injiniya, wane lokaci muke ciki?"

"Kaka, Kawu."

"Tun da ka yi wayo, ka taɓa ganin na sayar da wani abu da kaka?"

"Ai wannan ba hatsi ba ne."

"Waken soya ma da ya shigo haka aka ce mini." Ya ajiye kwalin a gefensa. "Mutum biyu ne ke sayarwa da kaka, mabukaci da wawa. Kai wanne ne?"

"Mabukaci ne, Kawu."

"To, kar ka bari kasuwa ta sani."

Ƙanena ya yi ƙoƙarin bayani. Ya ce irin wannan kaya ba ya ƙara daraja da ajiya, lalacewa yake yi. Kawu ya tambaye shi me ke cinsa, ƙwaro ko gara. Ya ce zamani ke cinsa. Kawu ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya ce zamani ai shi ke sa wa kaya daraja. Sai ya juyo kaina.

"Kai Mai Labarai, kai ke karanta mana duniya kullum. Ka taɓa karanta cewa farashin wani abu ya sauka a ƙasar nan?"

Na yi tunani da gaske, don ba na son in faɗi abin da ban tabbatar ba. A shekarun nan ban taɓa karantawa ba. Na ce masa ban taɓa ba.

"Madalla," in ji shi. "Rediyo ma ta shaida."

Bai kamata a ɗauki Kawu mutum marar tunani ba. Da jaki ɗaya ya fara, ya kai ga sito uku da mota, kuma ƙa'ida guda ce ta kai shi: ka saya lokacin da kowa ke sayarwa, ka rufe ƙofa, ka jira har marka, lokacin da ruwa ke zuba ba ƙaƙƙautawa, rumbuna sun yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba. Shekara talatin wannan ƙa'ida ba ta ba shi kunya ba. Mu kuwa abin da muka zo masa da shi bai kai tafin hannu ba, kuma mai shi bai taɓa sayar da ko tiya ɗaya ta gero ba.

A ranar aka shigar da kwalayen sito. Kawu ya sa aka shimfiɗa katako a kan buhunan masara don kada sanyin ƙasa ya taɓa su, aka jera su, aka rufe da leda. Kafin a ɗaure ledar ya jefa ƙwayar maganin ƙwari guda ɗaya a ciki. Ƙanena ya ce ba a bukata. Kawu ya ce ba a taɓa yin nadamar magani ba. Ya kulle, ya sa mabuɗi a aljihu.

Akwai abin da mu biyu muka sani, Kawu bai sani ba. Asalin manhajar yana cikin kwamfutar ƙanena, kuma zai iya buga wasu arba'in tsakanin azahar da la'asar. Bai buga ba, don ya ba da magana, kuma Inna ba za ta yafe masa ba in ya zagaye wanta. Amma bai kuma gaya wa Kawu cewa hakan na yiwuwa ba. Yaya za ka kalli dattijon da ya gama kulle sito a gaban 'yan dakonsa ka ce masa kwaɗonsa bai tsare komai ba? Muka bar shi da mabuɗinsa.

Daga nan sai jira. Bayan kaka ya ce a bari kasuwa ta nutsu. Da ta nutsu ya ce a bar masu sito su sha wahalar manyan littattafansu tukuna, wanda bai ji yunwa ba ba ya sanin daɗin tuwo. Azumi ya kama, ya ce ba a ciniki da mai ƙishirwa. Bayan salla ya ce manya suna shirin Makka. Kowane dalili in ka ɗauke shi shi kaɗai yana da ma'ana, haka nan watanni biyar suka tafi. Ƙanena yakan kunna janareta da safe ya duba manhajar da babu abin da ya rage a duba, ya kashe, ya tafi gonar Inna ya tsaya yana kallon kara.

Inna ta taɓa zuwa da kanta. Ta yi shiri kamar mai zuwa biki, ta wuni a gidan wanta, ta dawo da shinkafa tiya biyu da saƙon a yi haƙuri.

"Tun muna yara haka yake," in ji ta. "In aka raba mana rake, nasa a ƙarƙashin gado yake bushewa."

"Da ya bushe fa, Inna?" in ji ƙanena.

"Sai ya ce dama icce yake so."

Amma Kawu bai yi shiru da maganar kayansa ba. Duk inda ya zauna, a kasuwa ko a wurin ɗaurin aure, sai ya kawo zancen cewa yana da wani abu a sito wanda ya san kowane buhu da sunansa, kuma ba na sayarwa ba ne yanzu. Haka yake yi wa tsohuwar dawa in yana son dillalai su fara yi masa sintiri.

Da bazara, wata ranar kasuwar Tudun Wada, ya aiko a kira ni. Ya ce in raka shi, akwai wani manajan gonar iri da ya dame shi da tambaya, yana son in karanta masa littafin bayanin da muryar rediyo. Ƙanena ya tafi Kano sayen wani abu na janareta. A mota na ga kwali ɗaya a cikin aljihun babbar rigar Kawu.

Duk wanda ya san kasuwar hatsi ya san samfur. Mai saye yakan soka wa buhu ƙarfen nan mai rami, hatsi ya zubo masa a tafi, ya duba, ya hura, ya tauna. In yana so ya ƙulle a gefen riga ya kai wa maigidansa. Ba wanda ke hanawa, ba wanda ke ƙirgawa, don tafin hannu ba ya cika tukunya. Kawu, da bai taɓa yarda buhu ya fita kafin lokaci ba, bai kuma taɓa hana kowa samfur ba. Rowar samfur a wurinsa alama ce ta mai ruɓaɓɓen kaya.

Muka sami manajan a rumfar wani dillali, mutum mai fara'a da ɗan gemu, ga mutane zaune. Na karanta shafi biyu. Ya saurara sosai, ya yi tambayoyi masu ma'ana, sannan ya ce, "Alhaji, ko za ka bari in sa a injinmu in gwada?"

"Gwada mana," in ji Kawu. "Wa ke sayen kaya bai tauna ba? Amma ka dawo mini da shi kasuwa mai zuwa, yadda na ba ka."

Ya miƙa masa kwalin.

A wurin aikina kullum sai mun juye kaset daga wani zuwa wani, na san abin da ake nufi da gwadawa. Na buɗe baki. Sai na dubi dillalan da ke zaune, na dubi Kawu yana gyara hannun riga cikin jin daɗi, na rufe. Ba a gyara wa babba magana a kasuwa. Na ce in mun shiga mota zan faɗa. A mota ya kama labarin shekarar da ya riƙe gyaɗa wata tara, ban sami inda zan sa baki ba, ko kuma ban nema ba. Da muka iso gida ban gaya wa ƙanena ba. Na ce wa kaina manajan mutum ne mai aiki da yawa, ƙila ma ba zai buɗe kwalin ba.

Kasuwa ta zagayo, manajan ya dawo da faifan da godiya. Kawu ya ba ni labari daga baya cewa ya duba gaba da baya, babu ko ƙwarzane, nauyinsa bai ragu ba. Ya ce mutumin kirki ne. Ya mayar da faifan cikin 'yan'uwansa ya ɗaure leda.

Ruwan farko ya sauka, wasiƙa ta zo daga Kaduna tana tuna wa ƙanena wa'adinsa. Ya ɗauke ta muka tafi wurin Kawu, na karanta masa ita da Hausa.

"Saura wata biyu, Injiniya," in ji shi. "Da marka za mu buɗe."

"Kawu, da marka ai duk sito wayam suke! Me za su zuba a ciki?"

"Shi ya sa. Mai sito cike ba ya jin kira, idonsa na kan buhu. Wanda ya sayar ya huta, shi ke da lokacin sauraronka, shi ke da abin ba ka. Ka je masa da kaka, a tsaye zai sallame ka."

"Su na Kaduna ba za su jira marka ba."

"Su suka haife ka?"

Ƙanena ya naɗe wasiƙar muka fito. A hanya ya ce mini, "Yaya, ka san abin haushin? Wannan ta ƙarshen gaskiya ce." Kwana uku yana juya maganar. A na huɗu ya rubuta takardar ajiye aiki, ya ba ni in sa masa a gidan waya in na koma Kano. Na riƙe ta a jaka har Talata. Na tuna rumfar Tudun Wada, na tuna fuskar manajan lokacin da yake sa kwalin a aljihu. Sannan na manna kan sarki na jefa ta a akwati. Na karanta labarai marasa daɗi da yawa a rayuwata ba tare da muryata ta girgiza ba, amma wannan guda ɗaya na kasa kai wa mutum ɗaya.

Marka ta zo da ruwanta. Kawu ya sayar da masararsa yadda yake so, ya yi sabon ɗinki, ya ce yanzu lokaci ya yi. Muka fita da safe a a-kori-kurarsa, shi da direba a gaba, ni da ƙanena a baya tare da kwalaye a ƙarƙashin tamfol. Ƙanena ya sa takalmi sau-ciki, ya riƙe takardar da ya tsara jawabinsa a kai. Kawu ya ce a fara da Tudun Wada, wurin wanda ya riga ya tauna. Ƙanena ya tambaye ni me ake nufi da taunawa. Na ce masa ruwa na shigo mini ta wuya, na gyara tamfol.

Manajan ya tarbe mu kamar baƙin salla. Ya sa aka kawo lemo, ya ja mu har ɗakin kwamfuta yana cewa sai mun gani da idonmu. Wata ma'aikaciya tana zaune tana danne-danne. A kan allo ga manhajar ƙanena, cike da sunayen gonaki da lungunan sito, ga Hausata a jere.

"Alhaji, Allah ya saka da alheri," in ji manajan. "Bana ko buhu ɗaya bai ɓace mana a lungu ba."

Kawu ya dubi ƙanena da murmushi, irin na wanda maganarsa ta tabbata. "To, guda nawa za ka ɗauka?"

"Ai muna da shi, Alhaji."

"Na karɓi kayana a hannunka."

"Ka karɓa, ranka ya daɗe."

"To wannan na cikin injin fa?"

"Shi ne."

"Wanda ke cikin motata fa?"

"Shi ma shi ne."

Manajan bai ga laifin kansa ba, kuma ban ga alamar yaudara a fuskarsa ba. Shi a saninsa Alhaji ya yi wa manoma alheri ne, har ya ce ya ba wasu abokan aikinsa a wani taro, duk suna ta addu'a. Ƙanena bai sa wa manhajar wani makulli ba, don ya ɗauka shi zai riƙa kai wa kowa da hannunsa. Ya tsaya yana kallon allon, takardar jawabinsa a naɗe a hannu. Kawu ya sha lemonsa ya yi sallama yadda ya kamata. A waje ya ce wa direba a miƙe hanyar Doguwa. Ya ce mutum ɗaya ba shi ne kasuwa ba.

Gonar ta biyu babba ce, ana noma ana kiwo, tana can inda duwatsu suka fara bayyana. Tun daga bakin ƙofar ofis muka hango allon, ga manhajar a kai. Kawu bai ƙarasa shiga ba. Ya juya ya koma mota, ya sa direba ya ja ta ƙarƙashin wata rumfar kwano, ya yaye tamfol da hannunsa. Ya buɗe kwalayen ɗaya bayan ɗaya, yana fito da kowane faifai yana dubawa. Arba'in. Ya sake daga ƙarshe zuwa farko. Arba'in. Ya ce ni ma in ƙirga da ƙarfi yadda zai ji. Na ƙirga masa dalla-dalla kamar ina karanta sakamakon zaɓe.

"An yi mini sata a rayuwata," in ji shi a hankali. "An taɓa fasa mini bango, an taɓa cika mini buhu da yashi. Amma ɓarawon da zai kwashe kaya ya bar maka kayan, ban taɓa gani ba. Injiniya, mene ne wannan na saya?"

Ƙanena ya jingina da mota. "Kawu, kamar wuta ce. In maƙwabciya ta zo ta ɗebi wuta a murhunka, taka ta ragu?"

"Ba ta ragu ba."

"Ita kuma za ta ba wata, watan ta ba wata."

Kawu ya dubi ruwan da ke zuba daga bakin kwano. "Shi ya sa ba wanda ke kasa wuta a kasuwa," in ji shi. Sannan ya ɗaga murya, abin da ba ya yi. "Wata tara! Wata tara ina kulle wuta a sito, har da sa mata magani, ku biyu da karatunku ba wanda ya ce mini kanzil?"

"Mun ji nauyinka ne, Kawu," na ce.

"Nauyina? Allah ya sauwaƙe mini irin wannan ladabi."

Muna cikin haka sai ga mai kula da siton gonar ya fito da laima, wani dogon Bafulatani mai tabarau, da littafin rubutu irin na 'yan makaranta a hammata. Ya gaishe da Kawu da girmamawa, sannan ya tambaya ko gaskiya ne wanda ya yi furogiram ɗin yana cikinmu. Ƙanena ya ɗaga hannu kamar mai amsa laifi.

"Alhamdu lillahi," in ji mutumin. "Wata uku ina neman wanda zan yi wa faɗa. Malam, kai a garinku komai a buhu yake zuwa? Harawa fa? Ni dami-dami nake karɓarta, abinka ya ce sai na gaya masa buhu nawa. Dusa kuma ya haɗa mini ita da masara. In wuta ta ɗauke ana cikin aiki, sai ya manta da ni gaba ɗaya, kamar ba mu taɓa gaisawa ba."

Ya buɗe littafin. Shafi shida ne, an jera ƙorafi da lamba, da rubutu mai kyau. Ƙanena ya karɓa yana karantawa, na ga fuskarsa tana sauyawa. Tun kaka ba wanda ya yi masa magana a kan aikinsa kamar abu ne mai rai sai wannan mutumin.

"Na uku ba laifina ba ne," in ji shi. "Ba ka rufe shi yadda littafi ya ce ba."

"Wane littafi? Ni faifai tsirara aka ba ni."

Ƙanena ya zaro littafin bayani daga kwali ɗaya, ya dubi Kawu. Kawu ya kawar da kai. Suka shige ofis su biyu a ƙarƙashin laima ɗaya suna musu. Ni da Kawu da direba muka zauna a rumfa har la'asar. Aka aiko mana da fura da nono. Kawu ya sha, ya ce nonon mai kyau ne.

Washegari an shirya zuwa Kiru, ba wanda ya tayar da maganar. Bayan kwana huɗu Kirun ta zo da kanta: sakataren wata ƙungiyar manoma daga wajen Yako, a kan babur, jiƙe sharkaf, da tasa takardar ƙorafin a cikin leda.

Faifan nan ko ɗaya ba a sayar ba. Kamfanin da ƙanena ya yi mafarki, mai ma'aikata da mota, bai samu ba. Abin da ya samu tsohon babur ne da hanya: Tudun Wada, Doguwa, Kiru, wani lokaci har Riruwai, yana gyara, yana ƙari, yana koya wa akawuna. Suna biyansa ladan zuwa, ba mai yawa ba, amma ba ya yankewa, don manhajar da kowa ya samu kyauta mutum ɗaya ne ya san cikinta. Ya sha ruwa ya sha rana, ya faɗi da babur sau biyu. Amma a Bebeji yake kwana, a nan ya yi aure, kuma shi ke kai Inna asibiti duk lokacin da ƙafarta ta tashi.

Sai bayan shekara uku na iya gaya masa. Muna zaune a ƙofar gida da yamma yana wanke filogin babur da fetur. Na ce masa ina wurin ranar da Kawu ya ba da samfur, na san abin da zai faru, na yi shiru, kuma da wannan sanin na kai masa takardarsa gidan waya. Na faɗa a jere, ban rage komai ba.

Ya ci gaba da goge filogin har na ɗauka bai ji ba.

"Ka cuce ni, Yaya," in ji shi. "Da na sani a lokacin, da ban ajiye aikina ba. Da yanzu ina Kaduna a ɗaki mai sanyi, da taiɓa kamar taka."

Na ce haka ne.

"Amma na sha lissafa abin a kan hanya. Da ba a ba da shi ba, da ranar nan mun je wa mutanen da ba su taɓa ganinsa ba, mu ce su saya. Biyu za su saya, ƙila uku, su lulluɓe shi da zane. Shi kuwa ya shiga hannunsu da bazara, suna da kaya a sito, suna da lokacin koyo. Ni da kaina da aka ce in zaɓi rana, ba zan zaɓi wadda ta fi ta ba."

Ya hura filogin, ya ɗaga shi yana dubawa a hasken yamma.

"Kar dai ka gaya wa Kawu," in ji shi. "Zai ce da gangan ya yi."